Baki Shi Kan Yanka Wuya: Tarken Iƙirarin Kisa a Labaran Laifi na Gaske

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan rubutun zube da suka bunƙasa a Ingila da Amurka tun tsakiyar ƙarni na ashirin akwai wanda za a iya kira labarin laifi na gaske. Mutanen da ke cikin irin wannan rubutu da wurarensa da ranakunsa duk na haƙiƙa ne, amma zubi da tsarinsa na ƙagaggen labari ne, wato akwai jan rai da ɓoye sirri da ƙololuwa da warwara. A mafi yawan waɗannan labarai ƙololuwar takan zo ne a lokacin da 'yan sanda suka titsiye wanda ake tuhuma har ya buɗe baki ya amsa laifi. Mai karatu kan ɗauki wannan iƙirari a matsayin ƙarshen gardama, domin a ganinsa babu mai hankalin da zai sa wa kansa igiya a wuya a kan abin da bai aikata ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa iƙirarin da ake karantawa a littafi magana ce da ta ratsa bakuna da alƙaluma da dama kafin ta iso ga mai karatu: bakin wanda ake tuhuma, da bakin mai tambaya, da alƙalamin ɗan sandan da ya rubuta, sannan da alƙalamin marubuci. Ma'aunin ingancin labarin kuwa shi ne ko marubucin ya bar mai karatu ya ga waɗannan matakai ko ya rufe su. Za a gwada wannan ma'auni a kan littattafai biyu, In Cold Blood na Truman Capote da Ten Rillington Place na Ludovic Kennedy, sannan a waiwayi finafinai, a kuma duba abin da batun ya ƙunsa ga manazarta harsunan Nijeriya.

2.0 Yadda Ake Samar da Iƙirari

Titsiyen 'yan sanda sana'a ce mai ƙa'idojinta. A shekarar 1962 Fred Inbau da John Reid suka wallafa littafin da ya zama jagoran masu bincike a Amurka. Dabarun da ya koyar sun haɗa da keɓe wanda ake tuhuma shi kaɗai, da nuna masa cewa an riga an tabbatar da laifinsa, da katse shi duk sa'ad da ya fara musu, da miƙa masa uzurin da zai rage masa nauyin abin, kamar a ce ɓacin rai ne ya ja shi. Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta gargaɗin wanda aka kama game da 'yancinsa na yin shiru a shari'ar Miranda ta 1966, amma a shari'ar Frazier da Cupp ta 1969 ta yanke cewa ƙaryar da ɗan sanda ya yi, ta cewa abokin tuhuma ya riga ya amsa, ba ta isa ita kaɗai ta rushe iƙirari ba.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne matakin da ke biye. Hirar da ta gudana tsakanin mutum biyu ko uku, ta tambaya da amsa, sai a mayar da ita jawabin mutum ɗaya a kan takarda. A share tambayoyin, a haɗa amsoshin, a sa wakilin suna na mai magana a farkon kowace jimla, a ce wa mutum ya sa hannu. Daga nan kalmar da ta fara fitowa daga bakin mai tambaya ta zama ta mai amsa, kuma babu alamar da za ta nuna wa mai karatu inda aka yi ɗinki.

3.0 Capote: Iƙirari a Matsayin Ƙololuwa

A ranar 15 ga Nuwamba 1959 aka kashe manomi Herbert Clutter da matarsa da 'ya'yansu biyu a gidansu da ke Holcomb, a jihar Kansas. Waɗanda suka aikata, Perry Smith da Richard Hickock, sun je ne da zaton akwai akwatin ƙarfe cike da kuɗi a gidan, amma abin da suka samu bai wuce dala hamsin ba, sai rediyo da madubin hangen nesa. An kama su a Las Vegas a ƙarshen Disamba, aka rataye su a ranar 14 ga Afrilu 1965. Labarin Capote ya fara fitowa a mujallar The New Yorker a 1965, sannan ya fito a littafi a 1966.

Gwanintar Capote tana cikin tsari. Ya kasa littafin kashi huɗu. A kashi na farko ya rako makasan har ƙofar gidan, sai ya tsallake daren ya nuna safiyar da aka tsinci gawarwaki. Ya riƙe abin da ya auku a cikin gidan har zuwa kashi na uku, inda Smith ya bayyana shi da bakinsa, a cikin mota, hannuwansa cikin ankwa, ana mayar da shi Kansas. A wannan wuri marubucin ya bar shuɗaɗɗen lokaci ya koma lokaci mai ci, har mai karatu ya ji kamar yana zaune a cikin motar. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a kan wannan daɗi aka gina littafin.

Dole a yaba wa Capote da cewa bai ɓoye dabarun masu bincike ba. Ya nuna yadda suka fara da zancen cek na jabu, suka bar mutanen biyu suka shimfiɗa ƙaryarsu, sannan suka jefa musu sunan Clutter da hotunan sawun takalma. Ya kuma nuna cewa iƙirarin bai zo da fuska ɗaya ba: Hickock ya ɗora wa Smith kisan duka huɗun, Smith ya fara cewa Hickock ne ya harbe matan biyu, daga baya ya janye ya ɗauki duka, ya kuma ƙi sa hannu a kan bayaninsa na farko.

Sai dai Capote ba ya cikin motar. Ba ya amfani da na'urar ɗaukar magana a hirarrakinsa, ya dogara ne da haddarsa da kuma takardun da babban mai binciken, Alvin Dewey, ya ba shi. Duk da haka ya cire kansa daga cikin littafin ɗungurungum, ya bar jawabin Smith yana gudana sumul ba tare da mai karatu ya san wace jimla ce ta fito daga takardar 'yan sanda, wacce daga hirar kurkuku, wacce kuma daga gyaran marubuci ba. Tun a 1966 Phillip Tompkins ya bi sawun littafin zuwa Kansas ya buga saɓanin da ya gano a mujallar Esquire, daga baya kuma ta tabbata cewa haɗuwar da aka rufe littafin da ita a maƙabarta ƙirƙira ce. Babu mai shakkar cewa Smith da Hickock sun yi kisan. Illar littafin ita ce tarbiyyar da ya yi wa masu karatu da marubutan da suka biyo baya, ta ɗaukar santsin iƙirari a matsayin shaidar gaskiyarsa.

4.0 Kennedy: Iƙirari a Matsayin Abin Tuhuma

Shekara biyar kafin littafin Capote, wato a 1961, Ludovic Kennedy ya bi wata hanya dabam. Timothy Evans direban mota ne ɗan yankin Wales, wanda da ƙyar yake iya karatu. A ƙarshen 1949 aka tsinci gawar matarsa da ta jaririyarsu a ɗakin wanki na gidan da suke haya a Landan. Evans ya yi wa 'yan sanda bayani har sau huɗu, biyu a Merthyr Tydfil, biyu a Notting Hill, kuma a na bayan ne ya amsa kisa. A kotu ya janye, ya ce maƙwabcinsa John Christie ne ya aikata, amma Christie ya tsaya a matsayin babban mai shaida a kansa. An rataye Evans a ranar 9 ga Maris 1950. A 1953 aka gano gawarwakin wasu mata a wannan gida, Christie ya amsa kisansu, shi ma aka rataye shi.

Kennedy ya ɗauki iƙirarin Evans a matsayin matanin da za a feɗe. Ya tambayi abin da aka faɗa wa Evans da abin da aka nuna masa kafin ya yi magana, ya gwada ranakun da ke cikin bayanin da ranakun da ma'aikatan gyara suke shiga ɗakin wankin, ya kuma lura da kalmomin da ba su yi kama da na mutum irin Evans ba. A nan mai karatu ba ya samun daɗin da Capote ya bayar, amma yana samun abin da zai auna da kansa. Littafin na cikin abubuwan da suka sa aka sake bincike, aka yi wa Evans afuwa a 1966, shekara goma sha shida bayan mutuwarsa.

Abin da Kennedy ya hango da idon marubuci, masana harshe sun auna shi da ma'auninsu. A 1968 Jan Svartvik, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya nazarci ginin jimlolin bayanan Evans, ya gano salo iri biyu a cikinsu, kuma sassan da suka fi ɗaure shi sun bambanta da sauran ta fuskar yadda aka sarƙa ganguna. Daga wannan aiki ne fannin nazarin harshe don shari'a ya sami sunansa. Haka kuma Malcolm Coulthard ya duba bayanin Derek Bentley, wanda aka rataye a 1953, bayanin da 'yan sanda suka rantse cewa shifta ce daga bakinsa. Ya nuna cewa kalmar Ingilishi "then" ta yawaita fiye da kima, kuma tana zuwa ne bayan aikau, tsarin da ya zama ruwan dare a rubutun 'yan sanda amma yake da wuya a maganar baka. Ya kuma nuna jimlolin korewa da ba su da dalili sai in amsoshin tambayoyin da aka share ne. An gabatar da wannan shaida a gaban kotun ɗaukaka ƙara da ta soke hukuncin a 1998.

5.0 Kyamara da Iƙirari

Ana iya zaton hoton bidiyo ya kashe wannan matsala, tun da gani ya kori ji. Shari'ar matasa biyar da aka tuhuma da far wa wata mata a dandalin Central Park na New York a 1989 ta nuna akasin haka. An ɗauki iƙirarin huɗu daga cikinsu a bidiyo bayan sa'o'i masu yawa na titsiyen da ba a ɗauka ba, kuma sai a 2002 aka wanke su, bayan wani mutum dabam ya amsa laifin, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya gaskata shi. Kyamara ta nuna ƙarshen zance ne kawai.

Shirin Making a Murderer na 2015 ya yi tasiri ne saboda ya mayar da tambayoyin wurinsu. Mai kallo ya ga yadda aka titsiye Brendan Dassey, ɗan shekara 16, a 2006, ya kuma ji cewa zancen harbi a kai daga bakin mai bincike ya fara fitowa. Kotuna sun saɓa a kan wannan iƙirari, har wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da shi a 2017 da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku. Shi ma shirin an zarge shi da barin wasu hujjojin masu gabatar da ƙara, wanda ke nuna cewa almakashin mai tace fim alƙalami ne na daban.

6.0 Abin Lura ga Manazarta Harsunan Nijeriya

A Nijeriya akwai ƙarin mataki, wato fassara. Sau da yawa wanda ake tuhuma yakan yi magana da Hausa ko Yarbanci ko Ibo, a rubuta bayaninsa da Ingilishi, sannan mai ba da labari a jarida ko rediyo ya sake mayar da shi harshen gida. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar matsi, sashe na 15 da na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 kuma sun yi tanadin ɗaukar bayani a na'ura, da halartar lauya, da sa hannun tafinta. Amma doka ba ta iya tsare ma'ana ita kaɗai.

Alal misali, Bahaushe kan ce "wai" don ya nuna jiyau ne shi, kuma in aka zubar da wannan ƙaramar kalma a fassara, jita-jita ta koma shaida. "An buge shi" ba ta ambaci mai bugu ba, amma mai rubutu na iya cike gurbin. "Ya mutu a hannuna" tana iya zama maganar mai jinya. "To" da "na ji" a gaban na gaba sau da yawa ladabi ne, ba lallai su zama amincewa ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya zama tazarar da ke tsakanin ɗauri da saki.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa littattafan biyu sun ɗauki abu ɗaya sun yi masa aiki iri biyu. Capote ya goge iƙirari har ya zama adabi mai ratsa jiki, ya share sawunsa. Kennedy ya kwance ɗinkin ya nuna zaren, aikin da Svartvik da Coulthard suka ɗora a kai. Saboda haka ya kamata mai tarken irin wannan rubutu ya riƙa yi masa tambayoyi huɗu: wa ya fara furta kalmar, da wane harshe, bayan sa'a nawa, kuma wa ya rubuta ta? Bayanan 'yan sanda da aka fassara daga harsunan Nijeriya suna jibge a kundayen kotuna, suna jiran manazartan da za su yi musu waɗannan tambayoyi.