Lokaci da Mutuwa a Finafinan Faɗa da na Barkwancin Matasa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ƴar takarda shi ne a yi tsokaci a kan nau'o'in fim biyu da Amurka ta cika gidajen silima da su: finafinan faɗa waɗanda akan yi ta ƙara musu kashi bayan kashi, da kuma na barkwancin matasa. Ma'auni ɗaya za a ɗora su a kai, wato yadda kowannensu ya ɗauki wucewar lokaci.

Finafinan Faɗa

Jerin Fast & Furious ya faro ne a 2001 da labarin tseren motoci a titunan Los Angeles, ya kai kashi na goma, Fast X, a 2023. A tsakanin nan an mayar da mutuwa abin wasa. Alal misali, Han, wanda aka nuna motarsa ta kama da wuta a Tokyo a fim ɗin 2006, sai ga shi da ransa a F9 na 2021. Haka nan Gisele, wadda ta rasu a kashi na shida a 2013, ta ɓullo daga jirgin ruwa mai nitso a ƙarshen Fast X. Mai yiwuwa wani ya ce ai Gizo ma ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Gaskiya ne, amma tatsuniya dariya take nema daga dabarun Gizo, shi kuwa fim ɗin faɗa fargaba yake nema. To, da me ɗan kallo zai yi fargaba, alhali ya san kabarin ma ba ya riƙe tauraro?

Top Gun: Maverick na 2022 ya bi wata hanya dabam. Shekara 36 ke tsakaninsa da na farko na 1986, kuma ya aza jigonsa a kan wannan tazara. Ɗan abokin Maverick da ya rasu a fim na farko ya girma, ya zama matuƙin jirgi mai riƙe da shi a zuci. Har ila yau, Val Kilmer, wanda ciwon dajin maƙogwaro ya taɓa wa murya, ya fito a matsayin Iceman yana rubuta zancensa a kwamfuta, sa'an nan Iceman ya rasu, ba a kuma tashe shi ba. Wannan rashi shi ya sa yaƙin ƙarshe ya yi nauyi.

Barkwancin Matasa

Shi wannan nau'i ƙurewar lokaci ce ransa. A Booksmart na 2019, wanda Olivia Wilde ta ba da umarni, ƴan mata biyu haziƙai sun ga dare ɗaya ya rage musu kafin bikin gama sakandare, suka tashi haiƙan su rama shagalin da suka ƙi yi a baya. Ƙarƙashin dariyar akwai rabuwar ƙawaye da ke tafe. Da yake ƙuruciya ba ta jiran kashi na biyu, akan sake ɗinka tsohon labari da sababbin fuskoki. Mean Girls na 2004, wanda Tina Fey ta rubuta, an sake shi a 2024 da waƙe-waƙe, an mayar da tsegumin makaranta cikin wayar hannu. Sai dai zubi da tsarinsa na jiya ne, domin kusan kowace raha tana dogara da tunawar wanda ya ga na farko. Wato an yi fim ɗin matasa da ya fi daɗi ga iyayensu.

Kammalawa

A taƙaice, maimaici a kan kansa ba aibi ba ne. Adabin baka ma da shi ya rayu. Aibin shi ne a hana taurari biyan bashin shekarun da suka shuɗe. A nawa ra'ayin, Maverick da Booksmart sun biya wannan bashi, sauran biyun kuwa sun ci moriyar sunan da suka gada kawai.