Ji-ta-ji-ta da Maganin Rigakafi

A shekarar 2003 aka tsai da ɗiga wa yara maganin shan-inna a Kano, don an baza ji-ta-ji-ta wai yana hana haihuwa. Kafin a koma ɗigawa a 2004, cutar ta ƙetara har ƙasashen da dā suka rabu da ita. Lalle masu baza wannan magana sun yi ɓarna, gama ƙafar da ta shanye ba ta miƙewa don an gane gaskiya daga baya.

Amma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Mutane ba su mance da 1996 ba, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani a kan yara a Kano cikin annobar sanƙarau, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ma'aikacin da ya yi sallama da magani, bai kuwa tsaya amsa tambayar maigida ba, shi ya share wa ƙarya fage.

Sai da sarakuna da malamai suka shige gaba, sa'an nan talakawa suka amince. Mashaƙon da ya kashe yara a Kano a 2023 ya nuna da sauran aikin bayani.