Masu Bin Sawun Littattafai

Ɗalibin da ke ɗaukar karatu a zauren malam a Cadawa ya san jerin da ka: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sai Askari ga wanda ya yi nisa. Babu hukumar da ta tsara masa shi. To, ta yaya za a gane ko haka karatu yake tun daga Gobir har Timbuktu tun zamanin kakanni?

Akwai gwanayen wannan aiki, kuma abin da suke fara dubawa shi ne wa ya ambaci wa. A 1973 Henry Small a Amurka da Irina Marshakova a Tarayyar Sobiyet, kowa da tasa hanyar, suka fito da dabara guda: in marubuta da yawa suna yawan ambaton ayyuka biyu tare, to akwai zumunci tsakanin ayyukan, ko da masu su ba su taɓa ganin juna ba. A ƙirga irin wannan haɗuwa sau dubbai, sai gungu-gungu su fito fili kamar rumfunan kasuwa, masu goro nan, masu hatsi can. Da haka Ying Ding da abokan aikinta suka zana taswirar binciken nemo bayanai na shekarun 1987 zuwa 1997.

Ni dai aikin Bruce Hall da Charles Stewart na 2011 ya fi burge ni. Sun bi rajistar rubuce-rubucen hannu sama da 20,000 na Afirka ta Yamma, suna ƙirga kwafin kowane littafi da yankunan da aka same shi, sannan suka gwada da abin da malaman ƙasar suka ce sun karanta. Cikin shaidunsu har da Ida'un Nusuhi, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera malamansa a 1812, har Malam Jibrilu ɗan Umar, da littattafan da ya ɗauka a wurinsu. Risala da Muhtasar na Halil duk sun fito cikin manyan littattafan da aka fi karantawa.

Ƙirgar ma ba ita ce wahalar ba. Littafin da ɗan Cadawa ke kira Askari shi ne Muhtasar ɗin, kuma mai ƙirgar da bai san haka ba zai raba littafi guda gida biyu. Ga kuma malamin da ya ambaci wani don ya yi masa raddi: kwamfuta za ta ɗaura musu zumunci, sai mai binciken ya koma ya buɗe shafin da kansa.