Kyauta na Jiki Magayi: Ko Kangararre Yana Zama Gwarzo?

Wani malami da na daɗe ina ganin girmansa ya taɓa ce mini, muna zaune a zaurensa bayan la'asar, littafin Jiki Magayi yana kife a gefen buzunsa, wai shi bai ga dalilin da za a sa ɗalibai su ɓata lokaci a kan Kyauta ba, domin yaron da ya tashi da sata, ya zubar da mutuncin iyayensa a idon gari, ba shi da wata siffa da za ta sa a kira shi gwarzon labari. Wannan hukunci ya yaɗu ainun, amma ni a ganina an yanke shi ne ba a saurari shaidu ba.

Sanin kowa ne cewa gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, kuma mashahuran taurarinsu dattawa ne waɗanda suka riga suka tsira kafin su buɗe baki: Gandoki yana ba yara labarin karonsa da Nasara, Alhaji Imam ya komo da ruwan Bagaja, Shaihu Umar kuwa, ko da yake ya ɗanɗana bauta yana ƙarami, yana faɗin ta ne almajirai kewaye da shi. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, bai bi wannan turba ba.

Hikimarsa ita ce gabatar da sababi tun kafin a haifi wanda zai ɗauki alhakinsa. Mai karatu ya riga ya ga yadda Malam Shaihu, mai dukiya wanda ya rasa haihuwa, ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar. Ya kuma bi Abubakar cikin yawonsa na neman abin ramuwa, har ya ga sammun ya sauka, ba a kan wanda ya yi zaluncin ba, a kan ɗan da aka daɗe ana roƙon Allah a samu. Saboda haka ranar da yaron ya fara miƙa hannu ga abin da ba nasa ba, mutanen gari ɓarawo kawai suka gani, amma mu da aka sa muka zama shaidu tun farko mun san hannun wane ne a bayan nasa, sai zuciya ta rabu biyu, tana ƙin aikin tana jin tausayin mai yin sa. Dubi laƙabin ma: Kyauta, sunan da ake ba ɗan da aka samu bayan an ɗebe tsammani, shi ne ake ta kira a bainar jama'a cikin tsinuwa, har ya kai ga kashe ubansa bai san ubansa ba ne. Ban san wani wuri a ƙagaggun labaranmu na farko da ya kai wannan nauyi ba.

Masu cewa tun da sammu ne ya tuƙa shi, ai shi sanda ne kawai a hannun wani, sun manta cewa malaman tauhidi sun daɗe da bayyana cewa ƙaddara ba ta ɗauke wa bawa kasabinsa. Ban wanke Kyauta ba, littafin ma bai wanke shi ba. Abin da nake faɗi shi ne, gwarzo a labari ba a auna shi da tsarkin hali, da nauyin kayan da aka aza masa ake auna shi, da kuma abin da ya yi sa'ad da gaskiya ta bayyana gare shi. Kyauta kuwa, da ya gane asalin musibarsa, tashi ya yi ya nemi Abubakar.

Abdulƙadir Ɗangambo ya bi wannan sawu a Kitsen Rogo a 1978, inda birni da miyagun abokai suka maye gurbin boka. Amma har yanzu na fi karkata ga Kyauta, domin shi bai bar gida don kwaɗayin komai ba, bashin da manya biyu suka ci a kan mace guda ne ya iske shi tun yana goye.