Wa ya haifi baduku? Littattafai uku a kan Adar da salsalar maɗinka takalma

A ƴan shekarun nan ƙungiyoyin raya al'adu sun ɗauki wani aiki mai kyau, wato tattara salsalar gidaje tun tsofaffin da suka riƙe ta ba su ƙare ba. Sai dai wanda ya duba ƴan takardun da akan raba a wajen taro zai tarar kusan dukkansu na gidajen sarauta ne da na malamai. To, a ce wani malamin makaranta ɗan Tebaram, can yamma da Tawa, wanda ya buɗi ido ya ga kakansa zaune bisa buzu yana huda ƙirgi da basilla, ya yi niyyar bin sawun gidansu har cikin ƙarni na 19. Ina zai dosa? Wane littafi zai buɗe? Da wannan tambaya na sake karanta littattafai uku da aka rubuta a kan Adar, ina auna kowane da abin da zai iya ba wa jikan baduku.

Tun kafin a kai ga littafi akwai tarko a cikin kalmar kanta. Mu da muke kai da kawo tsakanin harsuna biyu mun saba fassara baduku da cordonnier, alhali rigar ta yi masa kaɗan. Baduku yana ɗinka takalma, fade da sambatsai da balka, amma shi ne mai kube, shi ne mai gafaka, shi ke rufe laya, shi ke gyara wa mahayi ragama da sauran kayan doki. Kuma aikinsa daban ne da na majemi, wanda ke cire gashin fata da toka ya jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa. Wanda ya tafi neman "masu takalmi" kawai zai wuce rabin danginsa a hanya bai gane su ba.

Littafi na farko shi ne na Djibo Hamani, masanin da jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, wato L'Adar précolonial, wanda ya fito a 1975 cikin jerin Études nigériennes, lamba 38. Ba a yi wa Adar tarihi mai ƙashin baya kamarsa ba. A nan ne mai karatu zai ga yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya karɓe ƙasar daga hannun Kabi a 1674, da yadda ya dawo ya zauna cikinta bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721, da yadda zuriyarsa ta riƙe sarautar Adar har ta tabbata a Illela. A nan zai ga hargitsin farkon ƙarni na 19, zamanin Jilani da Ibra, da ja-in-ja tsakanin Sakkwato da Abzinawan Kel Geres da Iwillimmidan. Wannan duk jikan baduku yana bukatarsa, domin shi ne ma'aunin da zai rataya zamanin kakanninsa a kai. Amma littafin na iko ne da yaƙi da ƙaurar manyan al'ummu. Doki yana ciki, mahayinsa yana ciki da sunansa da sunan ubansa. Wanda ya ɗinka kayan dokin kuwa ba don shi aka tsara shafukan ba. Ban ɗauki wannan laifin Hamani ba. A 1975 abin da ke gaban masanin tarihi ɗan ƙasa shi ne ya nuna cewa Adar tana da daula da tsari tun Nasara bai zo ba, kuma ya nuna.

Ɓarnar tana zuwa ne daga masu kwaikwayo. Da yake salsalar sarauta ce kaɗai muka gani a rubuce, sai kowane gida ya so tasa ta yi kama da ita: kaka ɗaya tilo da ya fito daga Gabas, sannan wane ya haifi wane, tiryan-tiryan, ba karkata. Sarakunan Agadas suna da labarinsu na fitowa daga Istambul, kuma kowa ya san aikin da irin wannan labari yake yi wa gadon sarauta. Gidan dukawa ba ya neman gadon sarauta. Idan aka ɗinka masa irin wannan riga, an rufe ainihin abin da ya kamata a gani, wato yadda sana'a ta shigo gidan da yadda ta zauna.

Littafi na biyu ya fi kusa da zauren baduku. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta yi zaman bincike a ƙauyukan Adar tun shekarun 1960, ta fitar da L'expérience du passé a wannan shekara ta 1975, lamba 36 a jeri ɗaya da na Hamani. Ita talaka ta saurara. Abin da ta kama, wanda har yau bai tsufa ba, shi ne cewa manomin Adar yana riƙe da tarihinsa ne ta hanyar tafiya: daga ina muka taso, ina muka yada zango, da su wa muka zo, wa muka tarar a wurin. Jerin garuruwa ya fi jerin sunaye ƙarfi a bakinsa. Wannan darasi ne babba ga mai neman asalin dukawa, domin tsohon da ya kasa wuce sunan kakansa na biyu sau da yawa yana iya lissafa maka garuruwa huɗu ko biyar da gidan ya ratsa, kuma kowane gari wata ƙofa ce ta sabon bincike.

Duk da haka ina da ƙorafi. Cikin masu sana'a, maƙera ne suka tafi da hankalin Echard: ta yi rubutu a kansu a 1965, ta kuma shirya fim ɗin Noces de feu a 1968 a kan narkar da tama a Adar. Ba ita kaɗai ba. Haka Philip Jaggar ya keɓe littafi sukutum ga maƙeran birnin Kano a 1994. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maƙeri yana da wuta, yana da asiri, yana da abin da ke ƙayatar da baƙo mai riƙe da alƙalami. Kuma kashin tama yakan shekara ɗaruruwa a jeji yana ba da shaida. Baduku fa? Yana zaune shiru a rumfa, aikinsa ana taka shi a ƙasa har ya ƙare, abin da ya saura gara ta cinye. Masana sun bi abin da ya yi ƙara da abin da ya bar toka, mu kuma muka bi masana.

Kada kuma a ce sana'ar ce ƙarama. Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin birnin a kan wuri miliyan 300 a shekara, na takalma kuwa miliyan 10, ya kuma lura da cewa ana kai su ƙasashe masu nisa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko, ƙasar da ta ratsa kafin ta isa hannunsu. A Kano har yau akwai unguwar Dukawa. Adar tana tsakanin makiyayan arewa masu fata da waɗannan kasuwanni na kudu, don haka wanda ya ga reshen danginsa ya ɓace a Tawa bai kamata ya yi mamaki ba in ya tsince shi a Konni ko Sakkwato, kamar yadda mai bincike na gobe zai nemi Adarawan yau a Abijan.

Littafi na uku shi ne ya taɓo inda ke da ciwo. Benedetta Rossi ta wallafa From Slavery to Aid a 2015, tana bin tarihin aiki da bauta a Adar daga 1800 zuwa 2000. Littafin ba na dukawa ba ne, kuma yana da nauyin harshen jami'a da zai gajiyar da mai karatu na gari. Ga shi da Ingilishi, harshen da akasarin malamanmu ba su yi karatu da shi ba. Amma ya bayyana abin da sauran biyun ba su tsaya a kansa haka ba: a ƙarni na 19 mutane da yawa a wannan ƙasa ba da son ransu suka bar garuruwansu ba, kuma jikokinsu sun koyi yin shiru. Saboda haka idan salsala ta tsaya cik a kan mutum ɗaya, aka ce "shi dai ya zo ne", mai yiwuwa mantuwa ce, mai yiwuwa kuma sutura ce. A ƙasar da sai a 2003 aka sa hukuncin bauta cikin dokar laifuffuka, wannan magana ba ta mutu ba. Tana iya hana aure, tana iya tayar da rikicin gona. Ƙungiyar da za ta buga salsalar wani gida ta raba a taro wajibi ne ta fara jin ta bakin masu gidan, ta kuma yarda su ce a tsaya nan.

Sau da yawa nakan ji ana kwatanta mu da Turai, ana cewa dubi gidan Bata. Gaskiya ne: Tomáš Baťa da ƴan'uwansa biyu sun kafa kamfaninsu a garin Zlín a 1894, kuma an san cewa kakanninsu sun daɗe suna ɗinkin takalma a wannan gari, domin coci tana rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ƙungiyar masu sana'a kuma tana rubuta almajiranta. Mu ba mu da wannan. Faransa ta kafa ikonta a Tawa ne tun daga 1900, kuma takardunta na ƙidaya don haraji aka yi su. Magatakarda yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, shekarar haihuwa kuwa "né vers". Mutumin da ke noma da damina yana ɗinki da rani, da sauƙi a rubuta shi manomi a wuce. Takardun da ke gidan ajiyar tarihi na ƙasa a Yamai suna da amfani wajen tabbatar da sunan gari da na hakimi, amma ba za su yi wa kowa aikin da tsohuwar gidansu za ta yi masa ba.

Lissafin kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. In aka ba kowane ɗa da uba tazarar shekara 30, wanda aka haifa a 1950 ubansa na 1920 ne, kakansa na 1890, uban kakan na 1860, kakan kakan na 1830. Sunaye huɗu ke nan sun kai shi tsakiyar zamanin Sakkwato. Wahalar tana cikin sunayen. Muna mayar wa jika sunan kaka, sai mutum biyu su narke su zama ɗaya. Alkunya tana hana faɗin sunan miji da na ɗan fari, sai laƙabi ya maye gurbin suna, mutum ɗaya ya rabu biyu. Jan Vansina, wanda littafinsa De la tradition orale na 1961 ya buɗe wannan fage, ya nuna daga baya cewa baki yakan riƙe na kusa sosai, ya riƙe kakan farko, ya bar giɓi a tsakani, giɓin kuma yana matsowa da kowane zamani. Maganinsa shi ne a ɗaure kowane suna a jikin wani abu da aka san shekararsa. Yana da rai da Nasara ya zo? Ya yi aure kafin yunwar 1913 zuwa 1914 ko bayanta? Yaro ne lokacin Kaosan, a 1916 da 1917? Ya ga farar 1931?

Akwai kuma tambayar da takardunmu ba sa yi, wadda a ganina ta fi "wa ya haife ka" amfani ga masu sana'a: wa ya koya maka? M. G. Smith ya bambanta tun a 1959 tsakanin sana'ar karda, wadda aka gada, da ta shigege, wadda mutum ya shiga da rana tsaka. Muna son cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a rumfar dukawa akwai ɗan riƙo, akwai ɗan ƴar'uwa, akwai bara da ya zauna har ya ƙware ya auri ɗiyar maigida. Bayan zuriya biyu shigege ya zama gado, ba mai tunawa. Idan aka jera iyaye a gefe ɗaya, aka jera waɗanda suka koyar a ɗaya gefen, inda layukan biyu suka rabu nan tarihin yake.

A arewacin Adar wannan tambaya tana kai mu ga mata. Wajen Abzinawa aikin fata, jaka da matashin kai da adonsu, galibi yana hannun matan maƙera ne, alhali wajen Hausawa dukanci aikin maza ne. A ƙasar da al'ummun biyu suka yi ƙarnuka suna cin kasuwa ɗaya, salsalar da ke bin uba kaɗai ba za ta iya faɗin daga ina wani zane ko wani salon rini ya shigo gida ba. Don haka malaminmu na Tebaram, bayan ya ɗauki shekaru daga Hamani, ya ɗauki hanyar tambaya daga Echard, ya ɗauki taka-tsantsan daga Rossi, sai ya shiga cikin gida wurin gwaggonsa. Ya tambaye ta garin da aka auro kowace kaka, da sana'ar uban kowace, da wanda ya gaji basillar tsoho da wuƙarsa ranar da aka raba kaya. In an yarda masa, ya naɗi muryarta, ya rubuta rana da wuri, ya ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya kuma ya miƙa wa IRSH ko CELHTO a Yamai, inda ake adana irin waɗannan muryoyi.