Mai Gidan Talabijin a Kujerar Mai Kulob: Berlusconi da AC Milan

A watan Yulin 1986 dubban magoya bayan AC Milan suka taru a tsohon filin Arena Civica domin ganin 'yan wasan da za su buga musu kakar da ke tafe. Abin da aka saba shi ne 'yan wasa su fito a jere, su ɗaga hannu, a tafa musu, kowa ya kama gabansa. Ran nan kuwa daga sama suka sauko cikin jirage masu saukar ungulu, kiɗan Wagner yana tashi ta lasifika. Abokan hamayya sun sha dariya. Amma Silvio Berlusconi, wanda watansa biyar ke nan da sayen kulob ɗin, ya samu abin da yake nema: hoton da kowace tasha za ta so ta nuna.

Duk mai son fahimtar attajiran kafafen watsa labarai da ke sayen kulob, to ya fara da tambayar me suke sayarwa. Berlusconi da gini ya fara. Ya gina unguwar Milano 2 a gefen birni, sannan aka buɗe wa mazaunanta 'yar ƙaramar tasha mai suna Telemilano, wadda ta rikiɗe ta zama Canale 5 a 1980. A lokacin doka ba ta yarda tasha mai zaman kanta ta watsa shiri kai tsaye ga ƙasa baki ɗaya ba, wannan hurumin RAI ne, tashar gwamnati. Sai ya riƙa naɗar shirye-shirye a kaset, da tallace-tallacen a ciki, yana rarraba wa ƙananan tashoshin larduna su sa a lokaci guda. Mai kallo a Sisili da mai kallo a Turin abu ɗaya suke gani. Kafin ƙarshen 1984 ya haɗa da Italia 1 da Rete 4. Hajarsa ta gaskiya ita ce idon jama'a, wanda kamfaninsa Publitalia ke sayar wa masu talla, kuma babu abin da ke zaunar da mutum gaban akwati minti casa'in kamar ƙwallo.

Ba shi ya fara wannan lissafi ba. A Amurka, Ted Turner ya sayi kulob ɗin Atlanta Braves a 1976, ya cika tasharsa da wasanninsu, ya tura su ko'ina ta tauraron ɗan'adam. Bambancin shi ne Berlusconi ya shigo da lissafin har cikin fili, har yadda za a taka leda.

Milan da ya saya a Fabrairun 1986 tana dab da durƙushewa, bashi ya yi mata katutu, kuma sau biyu tana faɗawa rukuni na biyu, a 1980 saboda badaƙalar caca, a 1982 saboda rashin kataɓus. Ƙwallon Italiya a lokacin na tsaron gida ne: a ci ɗaya, a kulle ƙofa. Wannan yana kawo maki, amma mai kallo hamma yake yi. Don haka a 1987 ya ɗauko Arrigo Sacchi daga Parma ta rukuni na biyu, mutumin da bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, wanda ya yi sana'ar sayar da takalma, saboda kawai Parma ta fitar da Milan daga kofin Italiya da wasa mai ƙayatarwa. Sacchi ya sa 'yan baya su huɗu, Tassotti da Costacurta da Baresi da Maldini, su riƙa matsowa gaba tare kamar an ɗaure su da igiya guda. Baresi ya ɗaga hannu, layi ya taka, ɗan gaban abokan hamayya ya tsinci kansa cikin satar gida. A gabansu ga Gullit da Van Basten, daga baya Rijkaard. Suka ɗauki gasar Italiya a 1988. A 1989 suka zura wa Real Madrid 5 ba ko ɗaya a San Siro, suka ci Steaua 4 da nema a wasan ƙarshe, suka sake ɗaukar kofin Turai a 1990.

A nan dole a yi wa mutumin adalci. Idon mai talabijin ne ya hango Sacchi a inda masana ƙwallo ba su ga kowa ba, kuma da 'yan jarida suka taso kocin a gaba a watanninsa na farko, mai kulob ya tsaya masa. Ina ganin wannan ita ce kyauta mafi girma da irin waɗannan attajirai suka yi wa wasan: sun ɗauki jin daɗin mai kallo da muhimmanci.

Sai dai idon nan yana da wani gefen. A 1987 ƙuri'a ta haɗa Real Madrid da Napoli ta Maradona a zagayen farko na kofin Turai, Napoli ta fita tun a watan Satumba. Ga tsohon mai son ƙwallo, wannan shi ne daɗin gasar, babba na iya faɗuwa da wuri. Ga Berlusconi kuwa asara ce, an kashe shirin da ya fi kowanne kasuwa tun kafin ya kankama. Ya shiga sahun gaba wajen neman gasar da manya za su riƙa haɗuwa a kai a kai ba tare da fargabar fita ba. UEFA ta shigo da wasannin rukuni a 1991, ta raɗa wa gasar sabon suna a 1992. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin shiga gidan kallo a Kano ko Maraɗi daren Talata ko Laraba, ya zauna a benci janareta na ruri a waje, to cikin gidan da wannan tunani ya gina yake zaune. Ribar a fili take. Hasarar ita ce kulob irin Steaua, wanda ya ɗauki kofin a 1986, yau ko mafarkinsa ba ya yi, don kuɗin talabijin sun taru a ƙasashe huɗu ko biyar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda magoyin baya ya koma ɗan kallo, daga nan ya koma mai jefa ƙuri'a. A Janairun 1994 Berlusconi ya shelanta shiga siyasa ta saƙon bidiyo, da jam'iyyar da ya sa wa suna Forza Italia, kirarin da ake yi wa 'yan wasan ƙasar. Wata biyu bayan haka ya ci zaɓe. Ranar 18 ga Mayu, majalisar dattawa ta amince da gwamnatinsa, a daren kuma Milan ta koci Fabio Capello ta lallasa Barcelona 4 da nema a Atina. Mutum guda ne ke da kulob, da tashoshin da ke yayata nasararsa, da gwamnatin da ke tsara dokar tashoshin. Ko ɗan Milan na haƙiƙa ya kamata wannan ya tayar masa da hankali.

Mu ma mun ga ɗan kwatankwacinsa. Moshood Abiola ya taɓa mallakar jaridun Concord da kulob ɗin Abiola Babes, wanda ya ɗauki kofin ƙalubale a 1985 da 1987, Emmanuel Iwuanyanwu kuma ya mallaki jaridar Champion da kulob ɗin Iwuanyanwu Nationale. Amma jarida ba ta sayar da minti casa'in, saboda haka kulob ɗin ya dogara ga aljihu da sha'awar maigida, ranar da hankalinsa ya koma wani wuri sai a watse.

Milan ma ba ta tsira daga wannan ba. A hannunsa ta samu kofuna 29 cikin shekara 31, takwas na gasar Italiya, biyar na Turai, da George Weah wanda yana sanye da rigarta aka ba shi kyautar gwarzon duniya a 1995. Amma da kuɗin Rasha da na ƙasashen Larabawa suka shigo kasuwar da shi ya fara tsawwala farashinta, sai ya koma mai sayarwa: Shevchenko a 2006, Kaká a 2009, Ibrahimović da Thiago Silva a 2012. A 2017 ya sayar da kulob ɗin ga Li Yonghong kan Yuro miliyan 740, mutumin da ya kasa biyan bashin da ya ci, har kulob ya suɓuce masa bayan shekara guda.

Berlusconi bai iya zama babu ƙwallo ba. A 2018 shi da Adriano Galliani, wanda tun farko harkar turakun watsa shirye-shirye ce ta haɗa su, suka karɓi Monza a rukuni na uku, suka kai ta babban rukuni a 2022, karon farko a tarihinta. Ya rasu ranar 12 ga Yunin 2023, mako guda bayan ta kammala kakarta ta farko a can.