Kujera da iko: sharhi a kan misalin Faransa

Masu rubutu a kan shigar mata cikin hukumomin gudanar da kamfanoni sun saba kafa hujja da Faransa. Dokar Copé-Zimmermann ta 2011 ta wajabta wa manyan kamfanoni su bai wa kowane jinsi aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun hukumar zuwa 2017, kuma kamfanonin sun bi. Dalili a fili yake: duk naɗin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne, sannan a dakatar da kuɗin zama na mambobin hukumar. Wanda aka taɓa wa aljihu ba ya jiran wa'azi.

Sai dai a ganinmu marubutan suna ƙirga kujeru, suna mance inda iko yake. Ita hukuma jefi-jefi take zama; ragamar yau da kullum tana hannun babban darakta da muƙarrabansa, su kuwa dokar 2011 ba ta shafe su ba. Lokacin da Isabelle Kocher ta zama babbar darakta a Engie cikin 2016, ita kaɗai ce mace mai wannan muƙami cikin kamfanoni 40 na jerin CAC 40. A 2020 hukumar ta ƙi sabunta wa'adinta.

Wannan giɓi ne dokar Rixain ta 2021 ta nufi cikewa a kamfanoni masu ma'aikata 1000 zuwa sama: kashi 30 na manyan jami'ai daga 2026, kashi 40 daga 2029. Amma tararta ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ba, ita ma sai bayan an ba kamfani shekara biyu ya gyara.